Muƙami Ba Ya Kankare Haƙƙin Furfura



A masana'antun Bompai da Sharada da Challawa a Kano, inda ake sarrafa fata da roba da sauransu, akan ga yaro matashi mai takardar makaranta an ɗora shi a kan leburori da direbobi da masu gadi waɗanda sun haife shi. Wannan tsarin aiki ne, babu laifi a cikinsa. Laifin yana zuwa ne a harshe, yayin da matashin zai kira dattijo da gatsal ɗin sunansa, ko ya ce "kai tsoho", ko ya daka masa tsawa a gaban tsaran 'ya'yansa.

Musulunci bai bar wannan al'amari a duhu ba. Imam Tirmizi ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya barranta daga wanda ba ya tausayin ƙananan al'umma, bai kuma san girman manyanta ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa karrama Musulmi mai furfura yana cikin girmama Allah. Buhari da Muslim sun kawo labarin Abdurrahman bin Sahl, wanda aka kashe ɗan'uwansa a Khaibar. Da ya zo da ƙara tare da Huwayyisa da Muhayyisa, ya fara magana alhali shi ne ƙarami, sai Annabi ya yi umarni da a bar babba ya fara. Idan mai jimamin jini bai samu rangwame ba, ina ga mai jin zafin an makara da buɗe ƙofa? Suratul Hujurat, aya ta 11, kuwa ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi.

Akwai kuma abin da matasa ba su lura da shi ba. Masana lafiya sun tabbatar cewa ƙarar da ta kai desibel 85, awa 8 kullum, tana cin ji sannu a hankali. Dattijon da ya shekara talatin a gindin inji, idan an yi magana bai amsa ba, sau da yawa ba taurin kai ba ne, kunne ne ya tafi wajen neman halal. Ɗaga murya don ya ji taimako ne; tsawa kuwa cin fuska ce.

Saboda haka, mai muƙami ya fara da sallama da gaisuwa kafin umarni. Ya ce Baba, ko Malam, ko Alhaji. Ya matso kusa, ya fuskance shi, ya yi magana a tsanake, ya maimaita ba tare da tsaki ba. In gyara ya kama, ya ja shi gefe, domin nasiha a bainar jama'a tozarci ce. Wannan ba ya rage kwarjinin shugaba, ƙara shi yake yi.

Kujera ta kamfani ce, ana iya karɓe ta gobe. Tsufa kuwa riga ce da ke jiran duk wanda ya yi tsawon rai, abin da ya shuka shi zai girba.

Allah Ya shiryi matasa, Ya jiƙan dattawa, Ya sa a gama da duniya lafiya. Amin.