Haƙuri da Zaman Masu Ciwo Ɗaya

Shanyewar ɓarin jiki tana faruwa ne idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai jijiya ta toshe ko ta fashe, kuma hawan jini ne babban sanadinta. Wanda ya tsira yakan rasa ƙarfin hannu da ƙafa, wani har magana ta sarƙe masa. Kusan mutum 1 cikin 3 na waɗanda suka tsira sukan faɗa cikin ciwon damuwa.

Wannan ya sa ake haɗa masu ciwon su riƙa zama tare suna tattaunawa. Sai dai wasu na ganin bayyana wahala ga mutane kamar raki ne, wanda ya saɓa wa haƙuri da ƙaddara.

Malamai sun bambanta abu biyu. Kuka da hukuncin Allah abin ƙi ne. Bayyana halin da ake ciki domin neman magani ko shawara kuwa halal ne, domin tawakkali bai hana riƙo da sababi ba. Gaishe da mara lafiya ma haƙƙi ne a Musulunci.

Amfanin zaman a fili yake. Likita yana ba da magani, amma wanda ya riga ya sha wahalar shi ya san dabarar sa riga ko yin alwala da hannu ɗaya. Sabon majinyaci idan ya ga ɗan'uwansa ya fara takawa da sanda, sai ya dage da motsa jiki da shan magani. Masu jinya su ma suna samun sauƙi, domin suna koyon dabarun ɗawainiya daga junansu.