Wanda Ke Bayan Mota

A wata tasha cikin birnin Kano akwai wani direba mai tsohuwar Peugeot 504, doguwar nan mai layin kujeru uku da kowa ke kira Fijo. Haɗin Kaduna ce, daga masana'antar Kakuri da ta fara harhaɗa motoci a 1975, kuma ta girmi yawancin 'yan kamashon tashar. Kullum sai ya kwashi fasinja zuwa Daura, ya bi ta Dambatta da Kazaure, ya juyo kafin magariba. Yana ji da motar nan ƙwarai. Duk wanda ya ce ta tsufa, sai ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Aibinta hayaƙi. Da ya murza makulli da sassafe sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe, ya kuma bar ta a kunne har a gama lodi, wai tana ɗumama. Daidai bakin salansar kuwa nan Iya mai ƙosai take kafa kaskonta, shekara shida ke nan. Da ta ji gurnanin Fijo sai ta kife faranti a kan ƙosai, ta ja gefen mayafi ta toshe hanci. Sau biyu ta yi masa magana, ya ce, "Iya, ai mota ba ta rasa hayaƙi." Daga nan ta yi shiru. Shi kuwa a hanya babu wanda ya kai shi tsine wa tirela da tifa idan suka feso masa nasu. Laifi tudu ne.

Ba tarin Iya ne ya kai shi gareji ba, aljihu ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, abin da yake komawa gida da shi ya ƙanƙance. Ya daure har hunturu ya shigo, sannan ya nufi garejin wani dattijon bakanike kusa da Ƙofar Ruwa, wanda kowa ke kira Baba.

Ya tarar Baba ya tafi jana'iza. Sai yaronsa, Auta, wanda bai cika shekara biyu da fara koyo ba amma yana jin ya gama.

"Oga, wannan ai aikin minti biyar ne," in ji Auta. Ya ɗaga bonet, ya zura sukudireba a gindin kafireta, ya ɗaure ƙaramin sukurun da ke daidaita man silo har ya kusa ƙurewa. Injin ya fara kakkarwa, sai ya ƙara masa silo don kada ya mutu. Suka leƙa baya, hayaƙi ya ragu. Direba ya biya yana murmushi, har da na shan ruwa.

Washegari kafin a fita Kano motar ta mutu sau uku, duk inda aka taka birki. A hawan da ke wajen Kazaure kuwa, da ya taka totur, baƙin hayaƙin nan ya dawo kamar jiya, har mai babur da ke bayansu ya wuce yana nuna musu salansa. A wani shingen bincike ta ƙi tashi sam, sai da fasinjoji suka sauka suka tura, wani malami da babbar rigarsa yana turi yana salati.

Da ya koma, Baba na zaune a kan benci yana jan carbi. Ya saurari ƙorafin har ƙarshe bai dubi Auta ba, wanda ya laɓe bayan wata akori-kura.

"Malam direba, shekara nawa kana tuƙa ta?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

"Ka taɓa tsayawa a bayanta tana kunne?"

Direba ya yi dariya. "Ni da nake gaba, me zai kai ni baya?"

"To yau zo ka tsaya. Auta, hau ka taka mata."

Bai kai ƙirga goma ba ya ja da baya yana tari, idanu na hawaye. Baba ya kara farin ƙyalle a bakin salansa ya ɗauke, ya yi baƙi ƙirin, ya miƙa masa. "Shinshina. Fetur ne ɗanye. Da kuɗinka ka saya, ka zubar a hancin mutane."

Sannan ya kira Auta ya ce ya kwance filogi huɗun ya jera a kan benci. Duk sun yi baƙi, busasshen baƙi irin kunkunniyar gindin tukunya.

"Hayaƙi iri uku ne," in ji Baba, "kuma kowanne da abin da yake faɗa. Baƙi, mai ya yi wa iska yawa. Shuɗi, baƙin mai ne ke haurawa yana ƙonewa, rin ko robar bawul sun gaji. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga, gaskit ya ƙone. Naka baƙi ne, da ɗan shuɗi a ƙarƙashi. Inji murhu ne. Ka cusa itace ka toshe bakin murhu ka ga abin da zai faru."

Gaskiyar Baba ta fi yadda shi kansa ya auna ta. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai, sai ya samu iska kusan kilo 15. Idan iskar ta gaza, man da bai ƙone ba ya fita ta salansa, tare da shi kuma wata guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ita ce ke kashe iyali a ɗaki idan aka kwana da janareto a rufe, domin jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Baƙin da ido ke gani ɗan aike ne kawai. Motocin zamani suna da na'ura mai auna wannan haɗi da kanta, da wata matata a cikin salansa. Fijo ba ta da ko ɗaya. Abin da ta dogara da shi hannun bakanike ne da kunnensa.

Baba bai taɓa kafireta ba tukuna. Ya buɗe gidan matatar iska, ya ɗago ta ya buga a ƙasa, ƙurar hunturu ta tashi kamar an zazzage buhun gari. "Da wannan take numfashi." Ya duba cok, ya tarar wayar ta cije, ƙofar iskar ba ta buɗewa duka, wato shekaru motar na tafiya kamar wadda aka shaƙe. Ya ciro kwantak, bakinsa ya ci rami, ya sa sabo ya auna tazarar da ma'auni, milimita 0.4, ba da ido ba. Ya daidaita tayimin, domin wutar da ta makara ba ta cinye mai. Da ya kwance bututun ruwa na sama sai ya yi tsaki: an cire tamostat. Wannan ɗabi'a ta yi yawa a garejinmu, wai ƙasarmu da zafi, abin na Turai ne. Alhali injin da bai kai zafinsa ba mai yake sha, ga shi yana saurin cinyewa. Wanda lagiretonsa ya toshe, lagireto zai wanke.

Bawul kuma sai inji ya huce sarai ake saita su, don haka Baba ya ce motar ta kwana.

"Baba, lodin gobe fa?"

"Shekara goma sha ɗaya kana zubar da mai ba ka ƙirga ba. Kwana ɗaya ne za ka ƙirga?"

Da safe aka sauke kafireta. Allurar da ke tsayar da mai idan kwanon ya cika ta cinye, mai na malala ba tsayawa. Babban jet kuwa wani gwani ya taɓa zura masa waya ya faɗaɗa ramin, wai don mota ta yi ƙarfi. Baba ya aiki Auta cikin kasuwa da tsohon a hannu, ya ce kada ya dawo sai da mai lamba iri ɗaya.

Sai da aka haɗa komai, injin ya yi zafi, sannan Baba ya miƙa wa Auta sukudireban shekaranjiya.

"Sukurun nan naka, man silo kaɗai yake taɓawa. Da mota ta hau titi ba ruwansa. Shi ne na ƙarshe, kai ka mai da shi na farko. Ɗaure a hankali. Me ka ji?"

"Ta fara tangaɗi, Baba."

"Yunwa ke nan. Sassauta kaɗan-kaɗan har muryarta ta daidaita, ka tsaya nan. Kada ka ce za ka burge ni da rowar mai. Injin da aka hana mai fiye da kima zafi yake ɗauka, ya ƙone bawul, ya fitar da wata gubar daban."

Auta ya sassauta, ya karkata kai yana saurare, ya ɗan ƙara, ya tsaya. Baba ya kara sabon ƙyalle a salansa. Ya fito da ɗan dishi-dishi, ba ƙari.

"Shuɗin nan da ya rage ba aikin sukudireba ba ne," ya gaya wa direba. "Rin ne, sai an sauke inji. Abin da ka rage a gidan mai ka riƙa ajiyewa, idan ya taru ka dawo. Kuma ka daina barin ta a kunne ana lodi."

A satin farko direba ya lura man da da ƙyar yake kai shi Daura yanzu yana kai shi har da ragowa. Ya samo gwangwanin madara ya huda murfin, ya ajiye a ƙarƙashin kujera.

Ranar wata Asabar ya iso tasha da wuri. Maimakon ya shiga da baya yadda ya saba, sai ya zagaya ya juya salansar wajen katanga, ya kashe inji. Iya ta riga ta ɗauki faranti za ta kife, ta tsaya da shi a hannu.

"Ɗan nan, sabuwa ka yi ne?"

"Ita ce dai, Iya. An gyara."

"To, Allah ya sa albarka." Ta ajiye farantin, ta juya ƙosai. Sai tari ya sarƙe ta, irin mai tasowa daga ƙirji, ta dafa gwiwa har ya lafa. Direba na tsaye da kuɗin ƙosai a hannu, ya rasa abin cewa.

"Tun yaushe kike wannan tarin, Iya?"

"Ya daɗe," ta ce. "Na nawa za a zuba maka?"