Ka Yi Yaɓe Kafin Damina

Karatu: Mai-Wa'azi 10:18

Ɗan'uwa, dubi tsofaffin gidajen ƙasa na unguwar Birni a Damagaram. Kafin damina, maigida yakan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa ya toshe tsaga, ya sake azarar da ta ruɓe, ya shafe soro da makuba. Wanda ya ce "sai baɗi," ruwan Agusta ne zai rushe masa ɗaki.

Haka zuciyarka take. 'Yar gabar da ke tsakaninka da maƙwabcinka tsaga ce. Je ka nemi gafararsa yau. Yesu ba ya rushe tsohon gida, gyara shi yake yi.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka nuna mini tsagar da ke cikina, ka yaɓe ta da alherinka. Amin.