Ƙara ɗaya, ciwo ɗari biyu

A nan Imanan, idan shanu suka faɗa gonaki kafin a saki daji, masu gona ba sa zuwa gaban sarki a Bonkuku ɗai-ɗai. Taruwa suke su yi magana da baki ɗaya. Amma ranar kimanta ɓarna, gona-gona ake bi, a ƙirga damman geron da kowa ya rasa. Da wannan idon nake duban shari'ar Pfizer ta Kano.

A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin ya yi gwaji a kan yara 200, kusan rabinsu aka bai wa maganinsa mai suna Trovan. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka kurumce, wasu jikinsu ya shanye. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. A 2001 iyaye suka haɗu suka shigar da ƙara a Amurka. To wane talaka ne zai ja da irin wannan kamfani shi kaɗai? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haɗuwar nan daidai ce, ina ma ganin wajibi ce.

Abin da ke ci mini rai shi ne rabo. A 2009 kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, miliyan 35 na iyalai. Sai a Agustan 2011, bayan gwajin ƙwayar halitta, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Shekara goma sha biyar ke nan uwa na goyon yaron da ba ya jin kiranta.

A Risala da muke karantawa a zaure, diyyar rai raƙuma ɗari ce, yatsa goma, haƙori biyar, wanda aka ɓata wa ji kuwa diyyarsa cikakka. Shari'a ta yarda dangin wanda ya yi kisan kuskure su taru su biya. Wanda aka cuta kuwa, gaɓa-gaɓa ake duba shi, kuma babu mai yafe haƙƙinsa sai shi ko waliyyinsa. Don haka lauya ko gwamna ba shi da hurumin yin sulhu a dunƙule ba tare da ya ji daga kowane gida ba.

Alƙalai da lauyoyi, ku haɗa ƙara don talaka ya samu shiga. Amma kafin ku sa hannu a kan kuɗi, a kira kowane yaro da sunansa, a duba ciwonsa.