Ko Zunubi Ne Mace Ta Rage Gashinta?

Wannan tambaya ta sha zuwa gare ni daga bakin waɗanda ba su daɗe da ba da gaskiya ba, domin wannan na ga ya kamata in amsa ta a rubuce.

Akwai wani irin yankan gashi da Turawa su ke kira bob, watau a datse gashin mace daidai haɓa, ko kuwa sama da ita kaɗan. Ba sabon abu ba ne. Wani mai gyaran gashi a birnin Paris, Antoine, mutumin Poland, ya soma yi wa mata shi a 1909. A shekarun 1920 ya game Amurka da Ingila, har mata su ka riƙa zuwa wurin masu askin maza. Masu wa'azi da yawa su ka tsawata, ɗaya daga cikinsu, John R. Rice, har ya buga littafi a 1941 yana hana shi. A 1963 Vidal Sassoon ya yi wa 'yar wasa Nancy Kwan irinsa a Landan, nufinsa kuwa mace ta wanke kai ta taje ta fita. A 2023 ya sake tashi, ana yabonsa wai ba shi da wuyar kulawa.

Ba zan ɓoye miki ba, Manzo Bulus ya ɗaukaka dogon gashin mace cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura 11. Amma bai ba mu ma'auni ba, ko taƙi ko kamu. Shi kansa kuma, cikin wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura 2, ya gargaɗi mata a kan kitso na fahariya da zinariya, haka kuma Bitrus. Ashe dogon gashi ma yana iya zama tarko. Ki tuna kuma wanda ya halicci gashin iyayenmu mata a nannaɗe. Da tsawo ne sharaɗi, da yawancinsu ba su cika shi ba, balle wadda ciwo ya zubar mata da nata.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar sauƙin nan, gama ba ga kowa ta ke gaskiya ba. Ko mai gashi miƙaƙƙe sai ta koma an datse mata bayan kamar mako shida, in ba haka ba fasalin ya ɓace. Irin namu kuwa ba ya kwanciya haka sai da ƙarfe mai zafi, ko man miƙar da gashi, ko gashin kanti. Man nan kuma ba abin wasa ba ne: a 2022 masu bincike na gwamnatin Amurka sun iske matan da su ke yawan shafa shi sun fi kamuwa da ciwon daji na mahaifa. Kitsonmu na gado, ko shuku ko zane, yini guda ba ya cinyewa, ya kuwa kai mako biyu.

Saboda haka ki tambayi zuciyarki, don me? Ga uwa mai 'ya'ya biyar, ga mai jiyyar marasa lafiya da ke kwana a tsaye, sun rage gashi domin su sami sa'a guda ta yin abin da ya fi. Ban ga laifinsu ba. Ga wata kuma ta ɗebi kuɗin cefane domin ta yi kama da hoton da ta gani. Almakashin ɗaya ne, amma aikin biyu ne.

Ku kuma dattawa da ke zaune bakin ƙofar majami'a, na san wata baƙuwa da aka yi wa kallo guda saboda kanta, ba ta ƙara dawowa ba. Ba wanda ya tambaye ta dalili, ashe kuwa daga asibiti ta fito.