Butar Lantarki da Shaidar Wanda Ba a Sani Ba

Abin da ya fi muhimmanci a jikin butar lantarki shi ne wanda idon mai saye ba ya kaiwa gare shi. Akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai ruɓi biyu da ke ɓoye a cikinta. Idan ruwa ya tafasa, tururi ya buge shi, sai ya tanƙware ya katse wuta. Kamfanin Russell Hobbs na ƙasar Ingila ne ya fito da buta mai wannan dabara a shekarar 1955. Ranar da ƙarfen nan ya gaza, ruwa zai ƙafe, buta ta ƙone, wani lokaci har gobara ta tashi. Malamin lakwal da ke son sayen buta domin ɗakin malamai yana iya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa cikinta, amma ba zai san ko za ta kai shekara ba. A nan gani bai kori ji ba, domin babu abin da za a gani sai bayan an biya kuɗi an kwana biyu. Tilas a dogara da bakin wani.

Dogaro da bakin wani ba baƙon abu ba ne a kasuwar Hausa. Dillali yana yabon haja, kuma kowa ya san la'ada yake nema, amma duk da haka ana sauraronsa, saboda gobe ma yana nan a rumfarsa, an san gidansu, an san wanda ya tsaya masa. In ya yi ƙarya akwai inda za a same shi. Alhazan Maraɗi sun daɗe suna ba da kaya masu yawa bashi bisa magana kawai, domin mutuncin mai maganar shi ne jinginarsa. Abin da intanet ta kawo sabo shi ne shaida marar fuska: taurari biyar a ƙarƙashin hoton buta, da mutum dubu uku da suka ce sun gwada sun ji daɗi, babu ko ɗaya da za a iya tarewa a hanya a tambaye shi.

Yawan nan ne ke kwantar wa mai saye da hankali, kuma a kansa ya kamata a dakata. Malaman hadisi sun yi dogon nazari kan wannan matsala tun ƙarnoni da suka wuce. Sun yarda cewa labarin da jama'a mai yawa ta ruwaito yana kai mutum ga yaƙini, amma sun gindaya sharaɗi: sai in yawan ya kai matsayin da ba zai yiwu a ce sun haɗa baki a kan ƙarya ba. Maruwaicin da ba a san halinsa ba kuwa, ba a kafa hujja da shi. Taurarin intanet sun cika yawa, amma sharaɗin ne suka rasa, domin mutum ɗaya mai kuɗi yana iya sayen baki dubu. Kamfanin Amazon da kansa ya bayyana cewa a shekarar 2022 ya tare sharhi fiye da miliyan 200 da yake zargin na jabu ne. A 2017 wani ɗan jarida mai suna Oobah Butler ya sa abokansa suka yi ta yabon wani gidan abinci da babu shi, har TripAdvisor ya ɗora shi a kan dukan gidajen abincin birnin Landan, alhali rumfa ce a bayan gida. A 2018 wata kotu a Italiya ta yanke wa wani mai sayar da sharhin ƙarya ɗaurin wata tara, a 2024 kuma hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka mai hana saye da sayar da irin wannan yabo.

Sai dai maƙaryaci ba shi ne mafi wuyar sha'ani ba. Malaman nan sun nemi abu biyu ga mai ba da labari, wato gaskiya da kuma kiyaye abin da ya ji ko ya gani, kuma ana iya ƙara na uku a wannan zance: shin abin da ya gani shi ne abin da ake tambaya? Matar da ke birnin Liyon ta rubuta cewa butar na tafasa lita ɗaya cikin minti uku, kuma ta faɗi gaskiya, don buta mai ƙarfin wat 2000 haka take yi. Abin da ba ta faɗa ba, domin bai shafe ta ba, shi ne butar na jan kusan amfiya 9, wanda ya isa ya narkar da siririyar igiyar wuta irin ta araha. Ba ta san wutar da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi ba, balle halin da Yamai da Maraɗi suka shiga daga watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turowa, har zuwa farkon 2024. Wani kuma ya yaba wa butar saboda tana tsayar da zafi a digiri 80, yadda ganyen shayi ba zai yi ɗaci ba. Wannan yabo ba shi da amfani ga mai shayin fada, wanda ke ɗora ganye a kan gawayi ya bar shi ya yi ta tafasa, ya zuba na fari da na biyu da na uku. Ɗacin da wancan ke gudu shi ne abin da wannan ke nema. Ga kuma lokaci: da yawa suna rubuta sharhinsu a makon farko, suna cikin murnar sabon kaya, alhali tambayar mai saye game da wata na goma sha takwas ce.

Wanda ya ji duk wannan yana iya cewa to, a daina yarda da kowa. Hakan ba ya yiwuwa. Masanin falsafar nan na Sikotilan, Thomas Reid, ya nuna a 1764 cewa an halicci ɗan Adam da karkata ga faɗin gaskiya da kuma gaskata abin da aka gaya masa, kuma ba don haka ba da yaro bai koyi komai ba. Mai ƙaryar sharhi ma a cikin wannan rumbu yake ɗiba: yabonsa yana da kuɗi ne kawai saboda yawancin masu rubutu ba su da niyyar yaudara. Shi ya sa laifinsa ya fi yadda yake zato. Ɗalibin da aka bai wa kyautar buta, ko ƴan kuɗin sayen kati, domin ya danna taurari biyar, yakan ce ai ba kotu ba ce, ba a rantsar da shi ba, kuma bai cuci wani takamaimai ba. Amma an raba cutar ce ƙanana ƙanana ga mutane dubu da ba zai taɓa gani ba, cikinsu har da malamin da ya tara wa abokan aikinsa kuɗi ya yi cinikin biri a sama. Rashin sanin fuskar wanda aka zalunta bai mayar da shaidar zur wani abu dabam ba.

A cikin tulin yabon nan, sharhin da ya fi nauyi sau da yawa shi ne mai taurari uku, wanda aka rubuta bayan shekara guda, ya ce marfi ya saki amma har yanzu tana kashe kanta. Mai irin wannan magana ya nuna ya zauna da kayan, kuma ba mai sayen yabo da zai biya a ambaci marfin da ya saki. Akwai kuma mai gyara a kasuwar Katako ta Yamai ko kasuwar Dole ta Damagaram, wanda butoci suka taru a gabansa a buɗe, ya san irin da ƙarfenta ke saurin mutuwa da irin da ake samun kayan gyaranta. Shi yana da fuska da rumfa. Amma ko shi, matattun butoci kawai ake kawo masa. Waɗanda suka yi shekara biyar suna aiki a gidajen mutane ba su taɓa zuwa teburinsa ba.