Ha'inci a Ajin da Babu Mai Tsaro

Tun da karatun jami'a ya shigo cikin wayar hannu, wata sana'a ta buɗe a garuruwanmu. Ba ta da allon talla, amma duk mai buƙata ya san ƙofarta. Sana'ar yi wa ɗalibi aikin makaranta ce a biya ka. Kwanan baya ina zaune a wani shagon kwamfuta a Gumel ina jiran a buga mini takarda, sai ga wani malamin firamare, furfura ta fara cin gemunsa, ya kafe babur ya shigo. Ya zaro 'yar takarda daga aljihun gaba, lambar ɗalibtarsa da lambar sirrinsa a rubuce, ya miƙa wa yaron shagon.

"Ga shi nan, kwas takwas ne. Ka cike min su kafin a rufe."

"An gama, Malam. Amma fa kuɗin ya ƙaru, data ta yi tsada."

"Kai dai kada in ga maki ƙasa da tara-tara."

Ya biya, ya tada babur, ya yi gaba. Ko zama bai yi ba, balle ya leƙa ya ga abin da aka tambaye shi. Yaron da zai amsa masa tambayoyin digiri a fannin koyarwa kuwa, sakandare kaɗai ya gama, kuma daga wani zauren WhatsApp yake kwaso amsoshin.

Sunan wannan abu ha'inci, ba dabara ba, ba taimakon juna ba. Ka nuna wa mutane sama mai kyau alhali ka san abin da ka binne a ƙasa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, don irin mutanenmu aka yi wannan karatu. Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, ɗan Sule Tankarkar ko Gagarawa da ke son digiri sai ya ɗauki jaka ya nufi Kano ko Zariya. Jami'ar Tarayya ta Dutse sai a 2011 ta zo, ta jiha da ke Kafin Hausa kuma bayanta. Har yau ma, magidanci mai iyali da aikin gwamnati, ko matar aure mai goyo, ko ɗan kasuwar da Alhamis ɗinsa ta kasuwar Maigatari ce, ba zai iya tarewa a makaranta shekara huɗu ba. Domin irinsu ne Shugaba Shehu Shagari ya kafa jami'ar karatu daga gida a 1983. Sojoji suka dakatar da ita a 1984, sai a zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita, ita ce NOUN ta yau. Shi kansa Obasanjon, bayan ya sauka daga mulki, ya koma ɗalibinta har ya karɓi digirin digirgir a 2018. Bakano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Tana da cibiya a Dutse. A 2022, da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ya rufe yawancin jami'o'in gwamnati wata takwas, ɗalibanta suna ta karatunsu. Ga kuma sashen karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda tun 1976 take horar da malamai suna bakin aikinsu. An kawo mana ilimi har ɗaka, mu kuma muka ɗauke shi muka kai wa ɗan haya.

Tsarin NOUN a bayyane yake. Aikin gida da ake kira TMA yana ɗauke da maki 30 cikin 100, jarrabawar ƙarshen zango tana da 70. Ita jarrabawar a zaure ake yin ta, da masu sa ido. Shi kuwa TMA kai kaɗai ne da wayarka, ko da tsakar dare. Wato an ba ka amanar kashi 30 ɗin nan, ba don a yi maka kyautar maki ba, sai don ya tilasta ka buɗe littafin kwas kafin ranar gwaji. Wanda ya sayar da wannan kason ya sayar da abu ɗaya tilo da zai sa shi karatu.

Akwai hadisin da duk ɗan Islamiyya ya sani, wanda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin, sai yatsunsa suka taɓo danshi. Ya tambayi mai kayan, shi kuma ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tuhume shi kan me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sannan ya barranta kansa daga duk mai ha'inci. A lura, ba a zargi mutumin da jiƙewar kayansa ba. Ruwa daga Allah ne, yana iya dukan kayan kowa. Laifinsa ɓoyewar. Kuma bai faɗi ƙarya da baki ba, tsibin ne ya yi masa ƙaryar. Mu mutanen ƙasar riɗi mun san wannan sarai. Wanda ya zuba yashi a buhu ya kai Maigatari, idan aka caka aka gano, sunansa ya ɓaci a kasuwa har 'ya'yansa. To me ya bambanta shi da wanda takardar sakamakonsa ke cewa ya san ilimin halayyar yara, alhali ko bangon littafin bai taɓa gani ba? Bambancin kawai, mai riɗi mutum ɗaya ya cuta. Malami aji guda zai cuta, bana da baɗi, har ya yi ritaya.

Na san uzurorin, kuma ba duka ne ƙarya ba. Wuta ba ta tsayawa. A wasu ƙauyukan sai ka fita bayan gari kafin sabis ya kama. Data ta yi tsada, albashi ba ya kai wata. Amma kuɗin da aka ba yaron shago ai ya isa a sauke littattafan kwas, waɗanda jami'ar ta zuba kyauta a shafinta, kuma in an sauke su sau ɗaya ba sa sake neman sabis. Wayar nan da ake cewa ba ta da caji, ita ce ke kwana tana kallon TikTok da ƙwallon Turai. Sai an zo kan karatu ake tuna cewa babu wuta.

Gaskiyar magana, da yawa ba ilimin suka je nema ba, kwalin suke so, don a ƙara musu girma a wurin aiki, ko a ce da su masu digiri ranar rabon muƙami. Wanda kwali ne muradinsa, duk hanyar da ta fi kusa ita zai bi. Yau TMA, gobe a sayi kundin bincike na shekarar ƙarshe a canza suna da garin da aka yi shi. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 ma, wasu sun huta da biyan yaron shago. Suna kwafe tambaya su liƙa, su kwafe amsa su tura, ba tare da idonsu ya tsaya a kan layi ɗaya ba.

Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar da aka shiga zaure, za ka ga mai maki 28 a aikin gida yana zare ido, yana leƙen kwamfutar maƙwabci. Ya faɗi, ya sake biyan kuɗin kwas, ya dawo gari yana cewa makarantar ce ba ta da tsari. In kuma ya lallaɓa ya tsallake, asirin yana tonuwa a gaban allo, ko ranar da aka ce ya rubuta wasiƙar ofis mai layi goma. Irinsu ne suka sa wasu ke yi wa digirin karatu daga gida kallon hadarin kaji, har a haɗa da waɗanda suka sha wuya suka same shi da guminsu.

Kuma akwai su. Na san wata ma'aikaciyar lafiya a yankinmu da ta buga littattafanta a takarda, ta ɗinke su da zare, ta keɓe bayan sallar Asuba kafin yara su tashi. Makinta bai kai na masu haya ba, amma duk abin da ka tambaye ta a ciki za ta warware maka. Ba ta fi kowa wuta ko sabis ba. Lokaci ta yanka ta tsare shi, kuma abin da ba ta gane ba takan tambayi abokan karatu a bayyana mata, ba a amsa mata ba.

Ku masu shagunan kwamfuta, ku yi wa ɗalibi rajista, ku buga masa littafi, ku koya masa shiga shafinsa, wannan halas ɗinku ne. Amma kuɗin amsa masa tambaya ba ladan aiki ba ne, kasonku ne a cikin ha'incin. Kai kuma Malam, in ka san ba ka da lokacin kwas takwas a zango ɗaya, ɗauki huɗu ka karanta su da kanka. Gobe ɗanka ne zai zauna a ajin wani mai irin takardarka, ko matarka ta kwanta a gaban wata mai irinta. Ka karɓi lambar sirrinka daga hannun yaron nan, ka canza ta tun yau.